Kafin Ki Huda Fatar Nan, Duba Abin Da Ke Hannunki

Hirarmu ta yau ta masu sana'ar hannu ce, musamman ke da kike shiga Kantin Kwari ki yanko atamfa ko shadda, ki haɗa da fata, ki fitar da jaka, walat ko takalmin yara kina sayarwa daga cikin gida. Na san akwai maza masu karanta mu da suke wannan aiki. Ku yi haƙuri da "ke" ɗin da za ku yi ta ji, maganar ta kowa ce.

Ki ɗauko duk wata tsohuwar jaka da ta mutu a gidanku ki duba inda ta fara lalacewa. Da wuya ki ga fatar ta yage a tsakiya haka kawai. Kusan kullum a bakin huji ne: inda hannu ya haɗu da jikin jakar, inda aka sa maɓalli, ko ramin bel ɗin da maigida ya fi amfani da shi. Nan ne duk nauyi yake taruwa. Kin kashe kuɗi a atamfa mai tsada, kin zaɓi zif mai kyau, kin kwana kina ɗinki, sannan ki ɗauko ƙusa ki ɗora a wuta ki huda hannun jakar. Bayan wata biyu hannun ya tsinke wa mai ita a tsakiyar taron biki. Ba lallai ta dawo ta yi miki faɗa ba. Abin da ya fi faɗan ciwo shi ne ba za ta sake saye ba, kuma duk wadda ta tambaye ta inda ta samo jakar, da labarin tsinkewar za ta fara.

Huji iri biyu ne a aikin fata, kuma abin da ke yin ɗaya ba ya yin ɗayan. Akwai hujin da ake cire ɗan yanki na fatar a fitar da shi gaba ɗaya, a bar rami zagayayye wanda ba zai rufe ba. Shi ake buƙata duk inda ƙarfe zai shiga: tsinken kan bel, ribit, maɓalli, ko zoben ƙarfen nan da ake sa wa bakin rami, irin na igiyar kambas. Akwai kuma hujin ɗinki, wanda ba a cire komai. Tsaga ce 'yar ƙarama da ake yi don zare ya wuce, daga baya fatar ta koma ta rungume zaren. In kika jera manyan ramuka kusa da juna don ɗinki, zaren zai yi ta yawo a ciki, layin kuma ya zama kamar ɗige-ɗigen takardar rasit, jira kawai yake a ja shi ya yage. In kuma kika tura ribit ta cikin tsaga, kin nuna wa fatar hanyar da za ta bi ta dare.

Dalilin yana cikin yadda Allah ya halicci fata. Ba saƙa ba ce irin ta atamfa mai zaren tsaye da na kwance. Zaruruwa ne ƙanana sarƙe da juna ta kowace fuska. Kaifi yana yanka su a tsabtace, na gefe su zauna lafiya. Abu dakusasshe kuwa jan su yake yi har su tsinke, ɓarnar ta bazu kewaye da ramin inda ido ba ya gani. Mu ma'aikatan jinya mun san wannan tun muna makaranta. Allurar da ake ɗinke fatar mutum da ita bakinta mai kusurwa uku ne, yanka take yi. Mai zagayayyen baki ta ɗinkin naman ciki ce mai laushi, kamar hanji. Ko likitan fata in zai ɗebi ɗan yanki a kai ɗakin gwaji, wani siririn bututu mai kaifin baki yake murzawa, kusan irin wanda baduku yake bugawa. Kuma raunin da wuƙa mai kaifi ta yi ya fi saurin haɗewa a kan wanda ya dagargaje. Sai dai fatar mai rai tana warkewa, ta jakarki kuwa yadda kika bar ta haka za ta tabbata.

Saboda haka ƙusa mai zafi ba ta cikin lissafi. Na san kusan kowane gida an taɓa ƙara wa bel rami da ita. Wuta tana ƙona zaruruwan da ke bakin ramin su bushe su yi tauri, kwana kaɗan ki ga wurin ya fara tsattsagewa. In kuma fatar roba ce, hayaƙin da ke tashi yana ƙona ido da maƙoshi, yana iya tayar wa mai asma da ciwonsa, ga yara a ɗaki. Wuri ɗaya na yarda da ita: igiyar nailan ta jakar makaranta, wadda zafi ke narkar da bakin zarenta ya hana shi warwarewa. Ita ma a tsakar gida, inda iska ke kaɗawa. Bakin almakashi da reza su ma a bar su su yi aikin da aka yi su dominsa.

Abin da yawancin masu farawa suke saya shi ne abin hujin nan mai kama da filaya, mai ƙafa a kansa kamar tauraro, da bututu shida masu girma daban-daban, yawanci daga milimita 2 zuwa 4 da rabi. Ki juya ki zaɓi girman da kike so, ki matsa, rami ya fito. Yana da daɗin sha'ani, ba ya ƙara, kina iya aiki da shi jariri yana barci. Don ramin bel, igiyar agogo, maɗaurin takalmi da hannun jaka, ya isa. Amma yana da iyaka biyu. Bakinsa gajere ne, ba ya kaiwa tsakiyar faffaɗar fata, sai gefe. Sannan ƙarfin hannunki kaɗai yake aiki da shi, in fatar ta yi kauri sai kin haɗa hannu biyu, kuma in kina da ramuka hamsin a gabanki, wuyan hannunki ne zai biya kuɗin da daddare.

A nan ne araha ta fi cutar da mutane. Akwai wanda aka lanƙwasa da siririn ƙarfe kamar gwangwanin madara, ba shi da nauyi, yana ta sheƙi a cikin leda. Ki matsa shi sau goma a fata mai kauri, sai bakin ya karkace, bututun ya daina sauka daidai a kan ɗan faifan da ke ƙasa. Daga nan kowane rami rabi zai yanke, rabi ya rataye, ki koma kina fizgewa da farce. In kin je saye, ki ɗaga shi wajen haske ki rufe bakin a hankali, ki duba kowane bututu ɗaya bayan ɗaya ko yana zama daram a kan faifan, ba tare da haske yana wucewa ta gefe ba. Faifan ya zama na tagulla, domin ta fi bututun laushi, ba za ta cinye masa kaifi ba. Ki girgiza hannuwan biyu, in suna rawa a mahaɗa ki ajiye. Akwai wani iri mai ƙarin gaɓa a jikinsa da ke ninka ƙarfin matsa. Ya fi tsada, amma in sana'a za ki yi da shi ba gyaran bel sau ɗaya a shekara ba, shi zan ce ki nema.

In har abu ɗaya kuɗinki zai iya saya, ni ba wannan zan zaɓa miki ba. Zan ce ki sayi ƙarfen huji na bugawa. Sanda ce ta ƙarfe, tsawon ɗan yatsa ko fiye kaɗan, bakinta bututu mai kaifi, da 'yar taga a gefe inda guntayen fatar ke fita. Kowane girma da nasa ƙarfen. Ba shi da gaɓar da za ta lalace, yana isa ko'ina a jikin fata, kuma kauri bai dame shi ba. Wanda aka kula da shi, 'yarki ma za ta gaje shi. Wajen zaɓe, ki dubi bakin: ya zama siriri, zagaye cif, babu inda ya ɓare ko ya lanƙwashe. Ki leƙa cikin bututun, ya zama sumul kuma yana ɗan faɗaɗa zuwa sama, in ba haka ba guntaye za su toshe shi tun a rami na uku. Za ki ga wasu a wurin masu kayan kanikawa, kamar a Ƙofar Ruwa, waɗanda aka yi don yanka gasket ɗin mota. Suna aiki, amma da yawansu bakinsu yana da kauri, suna buɗa fata mai laushi kafin su yanke ta.

Maƙeranmu ma suna ƙera shi in kin kai musu samfur. Tambaya ɗaya za ki yi: da wane ƙarfe? Rodin gini yana da laushi, kaifinsa ba ya kwana. Ƙarfen sifirin mota da aka ƙera aka kuma ba shi tauri yadda ya kamata, shi ne mai riƙe baki.

To, ga wurin da mutane da yawa suke zargin kayan aiki alhali laifin na ƙasa ne. Abin da kika ɗora fatar a kai, shi ne rabin hujin. In kika buga a kan siminti ko tayil, bugu ɗaya ya isa ya kashe bakin ƙarfen, wataƙila ya fasa miki tayil ɗin ma. In kika buga a tsakiyar tebur, teburin zai sha ƙarfin bugun ya yi tsalle, ƙarfen ya gusa, ki sami rami mai baki biyu. In kika buga a kan abu mai laushi sosai kamar silifa, fatar za ta nutse ta miƙe kafin ta yanke. Ana son abin da ba ya motsi, amma bakin ƙarfe zai iya ɗan shiga jikinsa. Kuma yana nan a madafarki. Ki kife tsohon turmi, gindinsa shi ne teburin huji mafi kyau da na sani. Yana da nauyi, ba ya rawa, kuma an sassaƙa shi ne a tsaye daga gungumen itace, saboda haka bakin ƙarfen yana shiga tsakanin jijiyoyin itacen maimakon ya sare su. In gindin ya yi gargada, ki ɗora farantin roba mai kauri na yanka nama, ko wani ɓallin fata mai kauri da ba kya buƙata.

Abin bugawa kuma kada ya zama hamar kafinta. Ƙarfe a kan ƙarfe yana baje kan abin hujin har ya yi kamar lema, wata rana ɓarɓashi ya ɓalle ya yi tsalle. Na ga irin wannan ɓarɓashin a idon mutane, masu walda da kanikawa sun fi kowa zuwa da shi, kuma fitar da shi ba wasa ba ne. Gudumar katako ko ta roba mai tauri ake so. Wanda ya taɓa tsayawa wurin masu bugu a kusa da marinar Ƙofar Mata ya ga abin da katako mai nauyi ke iya yi. Ke ba kya buƙatar irin nasu, guntun tsohuwar taɓarya da aka yanke ya kai tsawon kamu ɗaya da rabi ya wadatar. Ki tsayar da ƙarfen sak, fuskar fatar tana sama, ki ba shi bugu ɗaya ko biyu masu kyau. Ƙananan bugu goma su ne ke kawo gusawa.

Mu koma ɗinki. Basilla ita ce uwar kayan dukawa, kuma har gobe ba a yi abin da ya kore ta ba. Sai dai basilla ma iri-iri ce. Mai zagayayyen baki ta dace da yin alama da buɗa ramin da ya riga ya samu. Ta ɗinki ita ce mai baki a baje, kaifi ta gefe biyu, wadda ke barin 'yar tsaga. Ki riƙa karkata tsagar kaɗan, duk ta fuska ɗaya. In kika jera tsagogin a miƙe a kan layin ɗinkin, hanci da hanci, suna iya haɗewa su zama yanka guda.

Matsalar basilla ita ce tana son hannun da ya ƙware, wanda ke ba da tazara daidai ba tare da awo ba. Wadda ba ta kai nan ba, akwai ƙarfen da ya yi kama da cokali mai yatsu, wanda ake bugawa ya fitar da tsagogi a jere. Yana zuwa da haƙori 1, 2, 4 ko 6, tazararsu milimita 3, 4 ko 5. Biyu sun ishe ki: mai haƙori 4 ko 6 don miƙaƙƙen layi, da mai haƙori 2 don kwana, dukkansu masu tazara ɗaya. Milimita 4 tana tafiya da yawancin jakunkuna, 3 ta fi kyau a walat. Duk bugun da za ki yi, ki sa haƙorin farko a cikin ramin ƙarshe na bugun baya, tazarar ba za ta taɓa ɓacewa ba. In haƙoran suna maƙalewa, ki soka su a kakin zuma kafin ki buga. Wajen zarewa ki danne fatar da ɗan katako ki ja sama sak, kada ki yi ta girgizawa hagu da dama, haka haƙori yake karyewa.

Ke mai keken ɗinki, akwai allurar fata ta musamman mai bakin yanka, ki neme ta a wurin masu kayan teloli a Fagge, lamba 16 ko 18. Ki buɗa tazarar ɗinkin, kuma kada ki yi ta komawa baya a wuri ɗaya kamar yadda ake ƙulle ɗinkin yadi. Yadi yana yafe ramin allura, fata ba ta mantawa.

Wace fata ce ma a hannunki? Wannan tambayar ya kamata ta riga sayen kowane ƙarfe. Fatar akuya da majema suka jeme da bagaruwa, irin jar nan da ake rinawa da karan dafi, siririya ce, tana da ƙarfi amma tana miƙewa. In za ki huda ta da mai kama da filaya, ki sa wani ƙyallen fata ko kwali mai tauri a ƙarƙashinta, ki matsa ki ɗan murza, za ta yanke tas. Ƙirgi, wato fatar saniya mai kauri ta bel da tafin takalmi, na bugawa take so, kuma ita ce ta fi kowace ba da rami mai kyau. Fatar kamfani, irin wadda masana'antun jima na Sharaɗa da Chalawa suke sarrafawa da sinadari, sau da yawa in kin yanka za ki ga cikinta da ɗan launin toka mai shuɗi-shuɗi. Tana da laushi da santsi, ƙarfe marar kaifi danna ta kawai yake yi.

Sai fatar roba, wadda ita ce gaskiyar abin da yawancinmu muke aiki da shi saboda tsadar ta ainihi. Roba ce aka shimfiɗa a kan yadi. Ƙarfen yakan yanke robar ya bar zaren bayan yana reto, kuma raminta ba ya ɗaukar nauyi shi kaɗai. Duk inda hannu zai rataya, ki liƙa mata wani ɓallin fata ko yadi mai tauri ta ciki kafin ki huda, sannan ki sa zobe ko ribit. Ita kuma allurar keke ta yau da kullum mai ɗan kauri ta fi dacewa da ita, domin mai bakin yanka tana datse zaren da ke riƙe da ita. Haka in kin liƙa atamfa a kan fata, ki bari gam ɗin ya bushe sarai kafin huji, in ba haka ba zai cika bututun, atamfar kuma ta tattare. Ramin da ya ratsa atamfa dole a rufe bakinsa da zobe, ko ya fara zare.

Kwari kasuwar yadi ce, kada ki ɓata yini kina zaga layukanta kina neman ƙarfen huji. In kin gama da atamfarki, kayan ƙarfe na aikin hannu sai kasuwar Sabon Gari, fata da kayan haɗa takalmi kuma sai Ƙofar Wambai. Ki tafi da abu biyu a jakarki: ƙyallen ainihin fatar da za ki yi aiki da ita, da samfurin ribit ko zoben da za ki sa. Ki ce wa mai kaya, "Malam, a gwada mini a nan." Mai kayan kirki ba ya jin haushin gwaji, ai sai an gwada akan san na ƙwarai. Ki dubi ɗan guntun da ya fita: in ya fito zagaye, gefensa sumul, ya faɗo da kansa, ƙarfen ya yi. In sai an ja shi, ko bayan fatar ya yi gashi-gashi, ki yi godiya ki ƙara gaba.

Kuma don Allah ki kama kanki daga akwatunan nan da ake tallatawa a Facebook da Instagram, masu kaya ashirin da wani abu a ciki, kowanne da ɗan gurbinsa. Kyau a hoto kam akwai. Amma guda uku ko huɗu za ki riƙa ɗauka, sauran su yi tsatsa, kuma kuɗin da aka raba wa kaya ashirin bai isa a yi ko ɗaya da ƙarfen kirki ba. Ki leƙa Kasuwar Kurmi, wadda take ci tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, ki tsaya kusa da baduku yana aiki, ki ƙirga abin da ke gabansa. Ba su da yawa, amma kowanne yana aske gashi. Baturen nan ɗan Jamus, Heinrich Barth, da ya zo Kano a 1851, ya rubuta yadda ake fitar da takalman Kano da jemammiyar fata zuwa ƙasashe masu nisa. Da wuƙa da basilla aka yi wannan suna. Ke ma ƙarfen bugawa uku, na milimita 2, 3 da 4, da masu haƙora biyu, da basilla ɗaya mai kyau, sun isa ki buɗe sana'a. Sauran ki saya ranar da aiki ya nema.

Game da awo, ramin ribit ko zobe ya zama daidai da ƙafarsa, ta shiga da ɗan matsi. In ya yi faɗi, ƙarfen zai yi ta motsi yana cin fatar har ya fice. Ƙafar ribit ta ɗara kaurin fatar da kamar milimita 2 kawai, in ta fi haka lanƙwashewa za ta yi wajen bugu. Ramin bel ya ɗan fi tsinken kan bel ɗin faɗi. An saba yin guda 5, tsakaninsu inci ɗaya, wato santimita 2 da rabi, na tsakiya ya zama shi ne daidai ƙugun mai shi. Doguwar tagar da tsinken ke fitowa a gindin kan bel ba sai kin sayi ƙarfenta ba: ki yi rami biyu, ki haɗa su da yanka biyu na wuƙa a kan rula. Layin ɗinki ya bar milimita 3 zuwa 4 daga baki. Ramin da zai ɗauki nauyi kuwa, ki bar masa fatar da ta fi faɗinsa ta kowane gefe. Kullum ki yi alama tukuna, ki gwada a ƙyalle, domin rami ba ya gogewa.

Wasa ƙarfen huji ba aikin masu injin wasa wuƙa ba ne. Dutsen injin yana zafafa siririn bakin har ya canza launi, taurinsa ya tafi. Ki sami samfefa mai laushi sosai, ki kwantar da gefen bakin a kanta ta waje kina murzawa a hankali, sannan ki goge a bayan fata. Guntayen da suka toshe ki tura su da tsinken tsintsiya, ba da allura ba. Da damina ki shafa musu ɗan man keke ki naɗe a tsumma.

Bari in sa farar rigata kafin mu rabu. Wani raunin da ake yawan ji a wannan sana'a shi ne basilla ta ratsa fata ta shige yatsan da ke tare ta baya. Kada ki taɓa sa yatsa a inda bakin zai fito, ki tare da murfin kwalba na toto ko guntun roba mai kauri. Kuma dakusasshiyar basilla ta fi mai kaifi haɗari, domin sai kin danna da ƙarfi, in ta kufce ba ta da birki.

In tsautsayi ya faru, ki wanke wurin da sabulu da ruwa mai tsabta kina kwarara masa na 'yan mintuna, ki rufe da bandeji mai tsabta. Ban da kananzir, ban da man birki, ban da toka ko man goge baki. Ƙanƙantar bakin ramin kada ta ruɗe ki. Rauni mai zurfi da ƙaramin baki shi ne wanda ƙwayar tetanos ta fi so, ciwon nan mai sarƙe haƙora ya sandarar da jiki. Ba tsatsa ce ke kawo shi ba kamar yadda ake faɗa, ƙwayar tana cikin ƙasa da ƙura da kashin dabbobi, kuma alamunta kan ɗauki kwana 3 zuwa 21 kafin su bayyana, lokacin an manta da raunin ma. Allurar da ake yi mana a wurin awon ciki ita ce rigakafinsa, kuma sai an cika guda 5 take ba da kariya mai tsawo. Da yawa muna tsayawa a biyu da zarar an haihu. Maza kuwa, wasu tun ta yarinta ba su sake ba. In raunin yana da zurfi ko datti, kuma an fi shekara 5 rabonki da allurar, ko ba ki tuna ba, ki je asibiti a ranar, ba washegari ba. Haka in yatsan ya kumbura, ya yi ja, yana zogi kamar ɗan karkare. Mai ciwon suga kuwa, ko ƙaramin tsira ne ta kai a duba.

Wani lokaci nakan ji ana neman tsohuwar allurar asibiti wai don ta fi kaifi. Kada ki karɓa daga hannun kowa. Ƙwayar ciwon hanta nau'in B tana iya kai mako guda da rai a busasshen jini.

Sannan ribit da zobba da guntayen fatar da ke zuba ƙasa, daidai bakin mai rarrafe suke, kuma suna sheƙi. Ki zuba su a gwangwani mai murfin murɗawa, ki share wurin da zarar kin tashi, basilla kuma a soke bakinta a toto a ɗora can saman kabad.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu.